Jirgin Sha Ɗaya da Kwata

Shekara ashirin da shida Baba Mai Geti ya yi yana sauke ƙarfen tare hanya yana ɗagawa, a inda titi ya ratsa layin dogo. Ko akuya jirgi bai taɓa takewa a hannunsa ba. Rana ɗaya aka zo aka kafa na'ura mai jar fitila da ƙararrawa, aka miƙa masa takardar godiya da agogon bango, aka ce ya je ya huta. Hutu! Sai ka ce shi ya ce musu ya gaji.

Wata huɗu yana zaune a ƙofar gida, abinci ma sai an tuna masa. Da 'yarsa ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta roƙi mijinta, mai gidan burodi, ya ba tsohon tuƙin motar rabo. Surukin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mota taka ce, amma sai da lasin. Zan riƙe maka ita zuwa Juma'a, in ta wuce dole in sa wani." Tuƙi kam Baba ya iya tun yana saurayi, takardar ce babu.

Ranar Alhamis ya je ofishin gwajin tuƙi, ɗaki mai benci biyu da fanka mai kuka, an manne alamomin hanya a bango. Jami'ar gwajin, mai tabarau, ba za ta girmi 'yarsa ba. Tana nuna alama da gindin biro, yana amsawa, har ta kai kan wata mai kusurwa uku da hoton shinge a ciki.

"Baba, wannan wurin fa? Da Turanci ake so, yadda yake a littafi."

Ya ƙura wa shingen ido. Ya san yadda ƙasa ke rawa a tafin ƙafa tun kafin a ji kukan jirgi. Ya san direbobin da ke satar wucewa, har lambobin motocinsu. Amma sunan wurin da Turanci, wallahi ko a mafarki.

"Mu dai bakin aiki muke ce masa," in ji shi.

Ta ja layi a takarda. "Ba komai, ɗaya ka faɗi. Mu hau titi. Amma can ba yafiya: babban kuskure ɗaya, sai bayan wata uku."

Suka shiga mota, ya sha kwana lafiya, ya yi ribas tsakanin durom biyu ko gogawa babu. Ta ce ya miƙe, ya miƙe, sai ga su a wurin tsohon aikinsa. Ɗan ɗakinsa na nan, an cire ƙofar, wani ya tara tsofaffin tayoyi a ciki. Ƙarfe a sama, fitila a kashe, motoci na ta wucewa. Idonsa ya faɗa kan agogon hannunsa: sha ɗaya da minti goma sha uku. Ƙafarsa ta taka birki ba ta ko shawarce shi ba.

"Baba, hanya a buɗe take."

"Na sha ɗaya da kwata na tafe, 'yata. Na kaya ne, ba ya makara."

"Da yana tafe da fitila ta kama. Wuce."

Bayansu aka cika duniya da hon. Wani mai tifa, wanda ya shekara goma yana ɗaga wa Baba hannu a nan, ya leƙo bai gane shi ba. "Kai tsoho, in barci kake ji ka tafi gida mana!"

Jami'ar ta rage murya. "Don Allah, Baba. Tare hanya babban kuskure ne. In ka wuce yanzu, ban ga komai ba."

Ya ji ta sarai. Ya tuna motar burodi, ya tuna Juma'a gobe ce, ya tuna fuskar 'yarsa. Amma ƙafar nan kamar ta aro, ta ƙi ɗaguwa. Sha ɗaya da kwata ta yi, ta wuce. Minti biyu, minti uku. Babu abin da ya bi layin sai wata baƙar leda da iska ta kwaso.

Ta cire murfin biro ta rubuta abin da za ta rubuta. Can ta ce, ba ta dube shi ba, "An mayar da jirgin ƙarfe biyu tun watan jiya. Ai kowa ya sani."

Baba ya lalubi baƙin ciki a ƙirjinsa, bai samu komai ba. Ya sa giya, ya duba hagu, ya duba dama, ya haura layin a hankali.

"To," ya ce. "Ni ba wanda ya gaya mini."