Cinyar Fetu a Motar Apia

Jama'ata, barkanku da warhaka! Ku matso, yau labarin Fetu na kawo muku, abokin nan nawa sarkin son a sani.

Da safe ya ji a rediyo wai yau ce Ranar Kyautatawa ta Duniya. Ya shiga bas ɗin zuwa Apia, babban birninmu, ya samu kujera, can mota ta cika maƙil. Kun dai san yadda muke yi, in wuri ya ƙare, na zaune ya ɗora na tsaye a cinya. Sai ga Lupe ta shigo, yarinyar da ya daɗe yana neman ta kula shi.

Gogan naku ya daki cinya ya ɗaga murya: "Yau ranar alheri ce, mai son zama ga wuri!"

Lupe ta wuce ta zauna a cinyar gwaggonta. Wanda ya amsa gayyatar shi ne Baba Tuala mai gwaza, ƙaton da sai ya karkata yake shiga ƙofa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji shi, ya zauna daɓas.

Fetu ya so ya yi ihu, amma Lupe tana kallo, haka ya yi ta yaƙe har kasuwa. Da aka tsaya, ƙafa ta mutu murus, ya kasa tashi.

Baba Tuala ya saɓe shi a kafaɗa ya sauko da shi. "Gobe ma ka riƙe min wurin, yaro, mu kullum muke yin alherin, ba sai ranarsa ba."

Lupe ta yi dariya har da hawaye, amma ita ce ta tsaya tana yi masa fifita har ya miƙe.

Da ku ne, gobe za ku sake shiga motar nan?