Man Taimako a Wayar Amburiyaji

Saƙon Adamu ya iso wa ƙanensa Ma'azu a garin Tawa ta bakin wani mai raƙumi: saniyar nan ta kwanta, in ba a kawo mata dusa ba to a cire rai. Ita kaɗai ta rage a garken da mahaifinsu ya bari a wani ƙauye bayan Barmou. Fari ya cinye sauran ɗaya bayan ɗaya, tun ana kuka har aka daina.

Ma'azu direba ne, yana da tsohuwar bashe, motar a-kori-kura, da yake jigilar mutanen kasuwa da ita. Ya zaga gari har ya samo dusa buhu biyu, ya ɗora da hantsi, ya shiga ya tada mota. Da ya taka amburiyaji, fedar nan ta ƙafar hagu wadda sai an danne ta giya ke shiga, sai ya ji kamar ya taka dutse. Ta jima tana masa tauri, yana cewa gobe, gobe. To yau goben ta zo. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe tsaye a kan fedar, da ƙyar giya ta shiga da wani kuka mai tada tsikar jiki. Hanyar Barmou kuwa rairayi ce, sai ana sauya giya a kai a kai. A haka ko bakin gari ba zai wuce ba.

Ya lallaɓa ta zuwa wajen Yunusu bakanike. Yunusu mutum ne da ko gobara ta tashi a rigarsa sai ya gama shan shayi, kuma a kan shayin Ma'azu ya same shi.

"Yunusu, don Allah tashi. Rai na a hannuna."

"Ran wa?"

"Saniya."

"To zamna, ba mutum na ba."

Ma'azu ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don babu wani bakanike a kusa. Yunusu ya kurɓe kofinsa, ya shige ƙarƙashin mota. Ya kwance wayar da ta haɗa feda da akwatin giya, ya ce a taka. Feda ta tafi ƙasa salin-alin. Ya sa ƙarfe ya tura hannun da wayar ke ja, shi ma ya motsa lafiya.

"Ka gode Allah, ba sai mun sauke akwatin giya ba. Waya ta."

Ya zaro ta da kubenta, ya ja da iya ƙarfinsa, ko gezau. Ya lakato wani baƙin abu mai danƙo a bakin kuben, ya murza, ya kai hanci. Sai ya ɗago ya dubi Ma'azu.

"Mi ka zuba mata?"

"Mai."

"Wane mai? Wanga ƙamshin tuya ya kai."

Man taimako ne. Watannin baya da fedar ta fara ƙara, giris ya yi wuya a gari, sai Ma'azu ya tsiyayi man girkin gwangwanin nan da ake rabawa, wanda matarsa Zalika ta wuni a layi cikin rana, soja na kaɗa mutane da bulala, kafin ta samo. A ganinsa mai mai ne. Ya ɗura a kuben, feda ta yi laushi, har ya riƙa ba sauran direbobi shawara a tasha. Ashe zafin inji ya dafa man, rairayi ya shiga, suka haɗu suka zama ƙaro.

Yunusu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Saura albasa da gishiri, da mun ci."

"Sa mini sabuwa in tahi!"

"Ina ni gan ta? Tun da anka ruhe iyaka ko ƙusa ba ta zowa daga Sakkwato. Sai dai mu wanke wagga."

Haka suka jiƙa ta a kwanon kananzir. Suka ɗaure kube a reshen bedi, Ma'azu ya kama wannan baki, Yunusu ya kama wancan, ja in ja, a ɗura kananzir, a sake ja. Baƙin ruwa na ɗiga, waya na motsawa kamar ba ta so. Aka kira azahar suna nan. Takaici ya ishi Ma'azu, ga shi babu wanda zai zaga sai kansa, ya zagi kan nasa, ya zagi gwangwani, ya haɗa har da wanda ya ƙago mota. Da ya ce a mayar haka nan, Yunusu ya ce in ta tsinke masa a daji kada ya ambaci sunansa. Sai bayan la'asar waya ta fara zamewa sumul. Yunusu ya shafe ta da baƙin man inji, ya ɗaura, ya daidaita. Feda ta koma laushi kamar sabuwa, abin da ya ƙara ba Ma'azu haushi.

Ya kama hanya yana gudun da bai taɓa yi ba. Rana ta yi ja lokacin da ya shiga ƙauyen. Tun daga nesa ya hango mutane a bayan gidansu, da mata riƙe da ƙore. Adamu na tsugune yana wanke wuƙa, fata a shimfiɗe a ƙasa.

"Yaya..."

"Da la'asar ta hwara shure-shure," in ji Adamu, bai ko ɗago ba. "Na ce kada ta mutu mushe."

Ma'azu ya tsaya, hannuwansa baƙi ƙirin suna warin kananzir. Ya juya ya dubi buhunan, ya ce sai ya koma da su, ko wani mai dabba zai so.

Rakia matar Adamu ta ajiye ƙwaryarta ta matso jikin motar. Ta dafa buhu ɗaya, ta yi ƙasa da murya.

"Ma'azu, sauke ta. In na tankaɗe, yara sun ci."