Gonar da Aka Hana Zancenta

Malam Yusha'u ya yi shekara tara yana masinja a wata kotu a birnin Sakkwato kafin ya dawo Wurno da tsohuwar tafireta da kalmomi biyu na Turawa. Ya kafa teburinsa ƙarƙashin tsamiya a bakin kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa. Kalmomin nan su ne "sab judis". Ya sha jin lauyoyi suna faɗarsu, kuma duk lokacin da aka faɗa, mai magana yakan haɗiye sauran zancensa ya zauna.

Kafin shekara ta zagayo, kalmomin sun shiga wasiƙun mutane daga Rabah har Goronyo. Wanda jakinsa ya ci dawar maƙwabci yakan ce a sa masa su. Wani ya sa aka rubuta wa surukinsa su kan zancen katangar da ta faɗi. Malam Yusha'u ba ya hanawa, amma ba ya bugawa sai ya tabbatar an kai ƙara da gaske, domin shi mutum ne mai kiyaye ƙa'ida.

A Tungar Lalle, wani ƙauye a bakin gulbin Rima, Kaltume tana da gonar fadama da mijinta Mode ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku, babbansu Isa. Ƙanensa Mu'azu ya ce gonar aro ce daga mahaifinsu, ba a taɓa raba ta ba. Alkali ya saurari shaidu ya bar wa marayu gonar. Mu'azu ya ɗaukaka ƙara zuwa birni, sannan ya biya ta tsamiyar Malam Yusha'u.

Ruwa ya janye daga fadama a makon nan. Irin albasar Kaltume ya kai tsawon yatsa a bayan ɗaki, in ba a dasa shi cikin kwana goma ba, zai tsufa, shekarar ta wuce ta ke nan. Maigari ya riga ya sa mata ranar gayya. Sai Mu'azu ya shigo zaure da takarda, aka kira mai karatun boko ya karanta. Da ya zo kan kalmomin nan biyu, dattawa suka dubi tabarma. Maigari ya ce a ɗaga gayya, ya tashi ya shiga gida.

Ranar kasuwa Kaltume ta bi masu jakuna zuwa Wurno. Ta durƙusa gefen tebur ta gaishe shi.

"Malam, kai kab buga wa Mu'azu takarda?"

"Ni na, Inna. Aikina na."

"To kalmomin ga biyu, mi sunka ce?"

Malam Yusha'u ya gyara zama. Shekara biyu yana buga su, ba wanda ya taɓa tambayarsa ma'anarsu, kuma ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Magana tana gaban shari'a. Ba mai tsoma baki, ba mai cewa wane ad da gaskiya, sai alkali ya yanke. Wanda yat tanka ya raina kotu."

"Ko maigari?"

"Ko uban ƙasa. Ko Di'o, Baturen mulki, da kai nai."

Kaltume ta dubi tafireta.

"An ambaci kalme ciki?"

"Wane kalme?"

"Na noma, Malam."

Ya ɗaga ido yana tuna shekarunsa tara a ƙofar kotu. Ya so ya ce an ambata, don girman kalmomin, amma bai iya ƙarya kan aikinsa ba.

"Hana aiki wata takarda ta daban, alkali ka ba da ita. Mu'azu bai nemo ta ba."

"To buga min irin tashi. Harahi guda kada ka canza."

Washegari da hantsi ta sauka fadama da ƙannenta mata biyu da suka zo daga Gandi. Suka ja fangali, suka ɗebo ruwa, suka yi ta dashe ba mai cewa uffan. Masu wucewa suka tsaya suka duba, suka tuna abin da aka karanta a zaure, suka ci gaba da tafiya.

Mu'azu ya zo da sassarfa, bakin rigarsa duk laka.

"Uwar Isa, mi nika gani haka? Ba ki ji takarda ba?"

"Auta, ina kwana? Ina gajiya?"

"Gonag ga nika tambaya."

Ta ciro takardarta daga ƙugu ta nuna masa, ta mayar.

"Kai da kanka za ka raina kotu? Kai shiru, kada a ji ka a ɗaure min ƙanen miji."

Ya tafi wurin maigari. Maigari ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi lafiyar iyali, ya kawo zancen tsadar gishiri. Da Mu'azu ya matsa, sai ya ce, "Ɗana, kai kak kawo takardag ga zaurena. In na tanka, wa za ya tanka min?"

Mu'azu ya koma tsamiya. Malam Yusha'u ya buga masa koke zuwa ga wani malamin ofis a Wurno, da wani a Goronyo, da wani malamin gona da ke zagayowa daga Rabah. Amsoshin suka zo ɗaya bayan ɗaya cikin ambulan mai hatimi. Kowacce layi uku ce, kuma kowacce ta ƙare da kalmomin nan biyu. Malaman ofis ba su taɓa samun amsa mai sauƙi irin wannan ba. Malam Yusha'u ya karanta masa su da jin daɗi, har yana cewa na Goronyo ya fi iya jera Turanci.

Albasa ta yi kai, aka cire, aka shanya. Ruwa ya dawo ya rufe fadama, ya sake janyewa. Al'adar Tungar Lalle ce duk shekara dattawa su zagaya bayan ambaliya suna gardama kan inda iyakar kowa take, domin ruwa ba ya barin alama. In sun iso gonar Kaltume sai gardama ta mutu, su wuce suna gyaran murya. Ita ke kafa turakunta, kuma ba ta taɓa ƙara ko taki ɗaya ba, abin da ya fi ba Mu'azu haushi.

Daga birni ba a kira ƙarar ba. An ce alkalin da ya karɓe ta an canza masa wurin aiki, an ce fayil ɗin yana nan.

A shekara ta huɗu Mu'azu ya gaji. Ya nemi dattawa su zauna a yi sulhu, ko fangali goma a yanka masa. Suka ce ba su da bakin zama. Ya je Wurno ya ce a buga masa takardar janye ƙara. Bayan wata biyu amsa ta zo. Malam Yusha'u ya buɗe, ya karanta a zuci, ya ninke ta a hankali.

"Mi anka ce?"

"Sun ce ba su iya tattauna zancen da kai. Yana gaban shari'a."

Da la'asar Mu'azu ya sauka fadama. Kaltume tana bakin rijiya ita kaɗai, tana fama da jigon ɗiban ruwa, ruwa yana bin lambatu zuwa cikin albasa. Ya zauna kan kunya ya daɗe yana kallo. Ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe.

"Auta," ta ce, "hannuna ya gaji. Taho ka ja min."

Ya naɗe hannun riga ya karɓi igiyar.