Takalmin Injiniya

"Takalmin muka zo karɓa," in ji mai kula da sito, yana tsaye a ƙofar falon da muke zaman makoki. "Kayan kamfani ne."

Kwana biyu ke nan da rasuwar maƙwabciyata Injiniya. Daga ƙarfen sabis ta faɗo, ta yi kwana uku a asibiti ba ta farfaɗo ba. Ita kaɗai ce mace a cikin injiniyoyi goma sha tara.

Na san takalmin nan. Lamba arba'in da huɗu ne, ƙafarta kuwa talatin da takwas. Shekara uku tana rubuta takarda a ba ta daidai ƙafarta, ana ce mata ba za a yi odar ƙafa ɗaya saboda mutum ɗaya ba. Kullum da safe sai ta zauna a dakalinmu tana cusa tsumma a bakinsa, tana dariya. "Malama, kin ga kwalekwalena?"

Ranar da ta faɗo, takalmin hagu ya maƙale a matakala, ƙafar ce ta zare.

Manajan kamfanin ya gyara zama kusa da mijinta. "Haƙuri za a yi. Mun sha ba ta kujera a ofis, ta ƙi. Aikin sama ba na mata ba ne."

"Sau nawa ta nemi takalmi?" na tambaya.

"Malama, gaisuwa muka zo."

"Sau nawa?"

"Ke, rufa mana baki," in ji surukar marigayiyar. "Da ta zauna a ɗakinta, wa zai faɗo da ita?"

Mijin bai ɗago kai ba. "Auta, ɗauko musu."

Auta 'yar marigayiyar ce, kuma ɗalibata, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Ta fito rungume da takalman, ta durƙusa ta ajiye.

Mai sito ya juya su, ya ƙwanƙwasa dunduniyar. "Ko lanƙwasa bai yi ba. Sabon injiniyan da muka ɗauka, kamar don shi aka yi." Ya zura hannu ya zaro tsummokaran, ya yar a kan tabarma.

"Ke kuma," kakar ta ce wa Auta, "kin dai gani da idonki."

Da suka fita, Auta ta tsince tsummokaran. Tsofaffin safofinta ne na makaranta, sun dunƙule sun yi tauri. A jikin kowanne akwai ɗan lotsawa guda biyar, gurbin yatsun ƙafar mahaifiyarta. Ta sa yatsun hannunta a ciki, ta zauna.