Hannun da Bai Tafa Ba

"Ba zan sa ta dangwala ba," in ji Lauratu.

Mista Polycarp, hedimastan makarantar 'yan mata da ke Tudun Wada, ya cire tabarau ya dube ta. A 1957 ne, ana shirin bikin Ranar Daular Ingila, Baturen ilimi ya aiko da wasan da yara za su yi: wani sarki na zamanin da zai dangwala yatsa a takardar yarjejeniya, ya ce ya ba Turawa ƙasa har abada, sai a tafa. Ajin Lauratu aka ɗora wa. Wata ɗalibarta Kulu ce sarki, har an naɗa mata rawani da mayafin uwarta.

"Malama, wasa ne fa. Tawada ce da takarda."

"Ranka ya daɗe, ai da wasa ƙarya take shiga kan yaro."

Lauratu ba a littafi ta koyi wannan ba. Tana ƙarama baffanta Nagoda ya sayar wa wani attajiri gandunsu na Dutsen Abba, da shaidu da komai. Alƙali ya ce babba a gida riƙon amana yake yi, hannunsa ba ya ba da abin dangi sai dangi sun yarda. Aka dawo da gona.

Ta ba hedimasta labarin, ta ce, "Gonar dawa ke nan. Ina ga ƙasa sukutum da mutanen cikinta? Ko dai Kulu ta ce sai ta shawarci jama'arta, ko a nemi wata malama."

Mista Polycarp ya yi dariya har da buga tebur. "Ke kam sai Allah! Mu ma a garinmu wanda ya sayar da filin dangi ba ya kwana lafiya. Amma 'yata, Baturen nan shi zai zaɓi wadda za ta tafi Ingila ƙaro ilimi, kuma ke ya ambata. Ki haɗiye na yini guda."

"In na haɗiye, da wane baki zan dawo in koyar?"

Shi da kansa ya koya wa yaran wasan. Ranar biki Kulu ta dangwala, fili ya ɗauki tafi. Lauratu na tsaye a gaban ajinta, hannayenta naɗe a cikin mayafi. Bature ya dube ta, ita ma ta dube shi, ba ta sunkuya ba.

Wata malama, Eucharia, ce ta tafi Ingila. Ƙarshen zango aka sallami Lauratu, Mista Polycarp ya rako ta har bakin titi. Ta koma zauren gidansu tana koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu a kan tabarma, Kulu a cikinsu. Duk sanda jirgin ƙasa na Ikko, wanda masu zuwa Ingila ke hawa, ya yi kuka a tasha sai ta ɗan dakata da alli a hannu, don abin da ciwo. Aiki ya tafi, Ingila ta tafi, kuma har ta tsufa ba su dawo ba.