Sunan Inna Hawwa

"Mairo, miƙo mini sandata."

Na ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta magana. Wata biyu ke nan Inna Hawwa na kwance, ƙafafunta sun kumbura har fatar na ƙyalli. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ni ke dama mata kunu tun da ba ta da kowa a Gaya.

"Inna, ina za ki a lakar nan?"

"Zauren Na'Allah. An ce suna can suna shari'ar sunana, ba su kira ni ba."

Kwana shida da suka wuce, matar Na'Allah, Saratu, ta yini tana naƙuda, jaririyar ta zo da ƙafa. Gidan likita babu ungozoma tun bara, da aka kori ma'aikatan Dahome aka ƙetarar da su gada zuwa Malambil. Sai aka ɗauko Inna Hawwa a kan jaki, ana riƙe da ita dama da hagu. A durƙushe ta yi aikin har la'asar, ta juya yarinyar, ta fito da rai. Saratu na kuka ta ce sunan Inna za a sa wa ɗiyar, Na'Allah ma ya amsa daga bakin ƙofa. Ana haka wansa Siddo, mai kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo daga tafiya ya ce bai yarda ba.

Na ɗaura mata zanenta na saƙi, muka fita. Tafiyar gida huɗu ce, amma sau uku muka tsaya tana jingina da ni. A bakin zauren muka ji muryar Siddo.

"Ni na yi shekaru ina zuwa Paraku, na zauna da masu littafi. Sun ce Hawwa ce ta fara sauraron maciji, ita ta tsinko ɗan itacen da aka hana, ita ta ba mijinta. Wani ma ya ce mini a tsofaffin harsunan can, sunan nata da na maciji kusan ɗaya ne. Ba za a liƙa wa jininmu wannan ba."

Malam Cha'ibu, limamin unguwa, ya ce a hankali, "Siddo, Alƙur'ani bai ɗora wa mace ita kaɗai ba. Su biyu aka ruɗa, su biyu suka tuba. Malamanmu kuwa cewa suka yi an kira ta Hawwa don daga mai rai aka halicce ta."

"Malam, duk da haka. Sunaye sun ƙare ne?"

Inna Hawwa ta yi sallama, ta shiga ba ta jira izini ba. Maza biyar suka janye ƙafafunsu. Na'Allah ya miƙe zai ba ta buzu, ta ƙi zama.

"Siddo, kana lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Inna. Da kin aiko, ai da mun zo."

"Na zo da kaina. Na ji ka iya fassara. Ni ma an yi mini tawa. Madam Selestin 'yar Dahome, da muka yi shekara tara muna karɓar haihuwa tare, ita ma mai littafin ce. Ran da za a ƙetarar da su ta buɗe shi ta karanta mini. Ta ce sunan na harshen Yahudawa ne, ma'anarsa rai, wai an sa mata shi don ita ce uwar duk masu rai. Littafi ɗaya muka ji, ni da kai. Kai ka ɗauko macijin ka sa a kamiyo, ka bar sauran a Paraku."

Wani tsoho ya rufe baki da hannun riga.

"Inna, ba ke nake nufi ba," in ji Siddo.

"Wace Hawwa ka sani in ba ni ba? Waccan ka taɓa ganinta?" Ta tsaya ta ja numfashi, na ji nauyinta ya ƙaru a kafaɗata. "A ɗakin bayan can aka haife ka, da cibi a wuya, ba ka motsi. Kakarka har ta aika a nemo mai haƙa. Ni na sa bakina a naka na hura. In laifin Hawwa shi ne ta fito da mutane duniya, to na amsa, na fito da kai. In ba ta yi maka ba, ban san hanyar mayar da kai ba."

Siddo ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. "Na gode, Inna. Sai dai ni ne babba a gidan nan."

Ta juya ga Na'Allah. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana murza bakin tabarma.

"Ba roƙo na zo ba," ta ce. "Ku sa mata abin da kuka so. Na zo ne don kada a faɗi sunana a bayana da ƙazanta ina da sauran numfashi. Mairo, mu tafi."

Da dawowa ba ta iya taka ko ɗaya ba, sai da Malam Cha'ibu ya aiko jakinsa.

Washegari da hantsi aka raɗa suna. Daga ɗakinta muka ji maroƙi na faɗa: Fatuma. Na yi kamar ban ji ba, ina ta juya kunu.

"Ki daina ɓoye fuska," ta ce. "Suna ne mai kyau, na ɗiyar Annabi. Ita ma jikar Hawwa ce, Siddo ya je ya tambayo a Paraku."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da aka kawo mata naman suna a akushi, ta ce in mayar. Na ce ba kyau. Ta ce to in ci ni, ita dai ba ta ci.

Kwana uku ta ƙara. Ran Laraba bayan azahar ta ce in buɗe mata asabari ta ga gari. Hadari na haɗuwa ta wajen kogi. Ta ce in kai wa Saratu rezarta da ƙullin zaren ɗaure cibi, don ta lura hannun Saratu ba ya rawa, za ta iya karɓar haihuwa. Na tafi na kai. Kafin in dawo ta cika, fuskarta na kallon ƙofa.

Mutanen da suka bi gawarta sun cika hanya har bakin kasuwa, rabinsu a hannunta suka faɗo duniya. Siddo na cikin masu ɗaukar makara. An ce ya ƙi yarda a karɓe shi har maƙabarta.

Ran sadakar uku, da mata suka watse, na koma ɗakin in naɗe tabarma. Na tarar da Saratu zaune a kai, ba ta ko gama wankan jego ba, tana shayar da ɗiyar. Yarinyar ta saki nono ta fara ƙananan kuka.

"Yi shiru, Hawwa," ta ce mata. Ta ɗago ta dube ni, ba ta rage murya ba. "Yi shiru, ga Mairo ta zo."

Na bar tabarmar a shimfiɗe, na zauna a bakin ƙofa. Ruwa ya fara sauka a kan bunu.