Shida Bisa Ashirin

"Miƙe sosai, Bawa," in ji Mushe Istifanus daga kan gadon jinyarsa. Ajidan Bawa kuwa, da kakinsa da bindigarsa, ya miƙe. Tsohon ne ya koya masa karatu a lakwal, makarantar bokon Dogondutsi, inda ake ce wa malami Mushe.

Karo na uku ke nan yana kawo takardar tashi. Gwamnatin soja na son unguwarmu ta Gaweye a Yamai, bakin kogi, don a gina otel. A shekarar da shanu ke faɗuwa matattu a hanyar Filinge, otel ne abin da ƙasa ta fi buƙata. Mu maƙwabta duk mun sa hannu. Ni da na karanta shari'a a jami'a, ni na fara.

Mushe ya sa tabarau, ya ce wa matarsa, "Na'omi, ba ni jan alƙalamina."

Ya bi takardar layi-layi.

"Nan an rubuta 'don amfanin jama'a'. Wace jama'a ce za ta kwana a ciki?"

"Manyan baƙi, Mushe."

"Na'omi za ta iya shiga ta ɗebi ruwa?"

Bawa ya dubi takalmansa.

"To kalmar ba a wurinta take ba." Ya ja mata layi, ya rubuta shida bisa ashirin a sama. "Kai wa manyanka su gyara. Da asibiti ne ko lakwal, da kaina zan hau in cire kwanon rufi."

"Mushe, ran Litinin katafila za ta zo."

"Ta zo. A ɗakin nan zan mutu. Wannan kam likita ya riga ya sa hannu."

Litinin katafila ta zo. Ta cinye gidana, ta cinye na Adamu mai wanki, ta tsaya cak a jikin ɗakin Mushe. Direban ya ce mai ya ƙare. Ban san abin da Bawa ya raɗa masa ba, amma kwana goma sha ɗaya aka yi ba a samu mai ba a duk faɗin Yamai.

Ranar Alhamis ta mako na biyu da hantsi Mushe ya cika, a kan gadonsa, taga a buɗe wajen kogi. Mu da muka tashi duk muka dawo, Musulmi da Kirista, muka tsaya a kan ɓaraguzan gidajenmu.

Da muka fito da shi, Na'omi ta dakata. Ta share bakin ƙofa, ta kulle, ta ɗaure makullin a gefen zanenta, sannan ta biyo mu.